Katangar tsaro ta daina tashi da kanta bayan na koma Debian 12

Mai tambaya, daga Tawa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da wata ƙaramar saba (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) a wata cibiyar koyar da kwamfuta a nan Tawa, kuma a makon jiya na ɗaukaka ta daga Debian 11 zuwa Debian 12 (Debian nau'in tsarin Linux ne). Tun daga lokacin, duk sanda na'urar ta kunna sai nftables, wato katangar tsaron da ke tace abin da ke shiga da fita ta sadarwa, ya ƙi tashi, amma idan na shiga na buga `systemctl start nftables` da hannu, sai ya tashi lafiya lau. Abin da ke damuna shi ne yanzu lokacin zafi ne, ana yawan ɗauke wuta, kuma na'urar takan sake kunna kanta da dare ba kowa a wurin. A `journalctl -b -u nftables` ina ganin saƙon "Interface does not exist". Ina neman shawararku.

Amsa daga Yamai: Wa alaikumus salam Malam. Ku fara duba `ip link`, domin wani lokaci sunan katin sadarwa yakan canza daga eth0 zuwa wani abu kamar enp2s0, dokokin kuwa su ci gaba da kiran tsohon suna.

Mai tambaya: Na gode, na duba, sunan bai canza ba. Layin da saƙon ke nunawa shi ne wanda ke ambaton wg0, wato keɓaɓɓiyar hanyar sadarwa ta manhajar WireGuard da ke haɗa mu da reshenmu na Ƙonni.

Wani ɗan'uwa daga Yamai: To Malam, nan matsalar take, kuma da sunan kati ne ya canza, da ko da hannu ba zai tashi ba. Ku buɗe /etc/nftables.conf, ina kyautata zaton za ku tarar an rubuta `iif "wg0"`. Kalmar iif tana sa nft, wato umarnin nftables, ya nemi lambar wannan hanya a daidai lokacin da yake loda dokoki, alhali nftables yana tashi ne tun kafin a haɗa sadarwa, sa'ad da wg0 bai wanzu ba tukuna. Ita kuwa iifname suna kawai take kwatantawa idan saƙo ya iso, don haka ba ruwanta da ko hanyar ta riga ta tashi. Abin da ya fi muni, nft yana loda fayil ɗin ne gaba ɗaya ko ya bar shi gaba ɗaya, saboda haka layi ɗaya tak ya isa ya bar sabarku a buɗe; `nft list ruleset` bayan kunnawa zai nuna muku babu komai.

Game da dalilin da ya sa yake aiki a da, mai yiwuwa wani ya gyara nftables.service, fayil ɗin da ke tsara tashin nftables, kai tsaye a cikin /lib/systemd/system don ya jira wg0. Duk wani gyara a can, sabon kunshin manhajar da ke zuwa da ɗaukakawa yana shafe shi ba tare da tambaya ba. Wurin da ya dace shi ne /etc, ta hanyar `systemctl edit`. Sai dai ni ban ga amfanin maido da wannan jinkiri ba, domin yana barin na'urar a kan intanet na ɗan lokaci ba katanga.

Amsa ta uku: Ƙari kaɗan: umarnin gwajin dokoki `nft -c -f /etc/nftables.conf` zai iya ce muku komai daidai ne idan wg0 yana aiki a lokacin, don haka gwaji na gaskiya shi ne sake kunna na'urar, kuma ku yi shi kuna gabanta, ba ta SSH (hanyar shiga na'ura daga nesa) daga gida ba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na tuntuɓi wanda ya riƙe aikin kafin ni, ya tabbatar shi ne ya ƙara wancan layin jira a /lib. Na mayar da iif da oif (takwararta ta saƙo mai fita) na wg0 zuwa iifname da oifname, na bar na lo (hanyar cikin gida ta na'urar kanta) yadda yake, na sake kunna na'urar ina tsaye a gabanta, kuma dokokin sun loda duka.