An ce hanta tana tofowa in an yanke ta: wa ya taɓa gani a mai taurin hanta?

Ɗan Gangare: Salamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ce hantar kawuna ta taurare, cikinsa ya cika da ruwa, sai an riƙa zuƙe masa. Wani maƙwabcinmu ya kawo magana wai hanta in an yanke ta tana tofowa, don haka a nemi tiyata a cire inda ya lalace. Gida duk an kama maganar. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari don Allah.

Maman Husna: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Kawu lafiya. Maƙwabcinku rabin labarin ya ji. Da ɓeraye na yi binciken digirina na biyu. Tun 1931 wasu masu bincike, Higgins da Anderson, suka nuna in an cire kashi biyu cikin uku na hantar ɓera, kafin kwana goma ragowar ta girma ta kusa cike giɓin. Na gani da idona. Amma fa ɓera mai lafiya. Waɗanda muka yi makonni muna ba su sinadarin kabon tetirakulorayid har hantarsu ta taurare, in ka buɗe cikinsu za ka tarar da ita ta koɗe, duk ƙuraje-ƙuraje, almakashi ma sai ka danna. Su kam girman a hankali yake zuwa, wasu ma ba sa kai labari bayan tiyatar.

Shi ya sa masu bincike ke ta dabaru. Akwai ɗaure reshen jijiyar da ke kawo jini daga hanji zuwa ɓari ɗaya na hantar, jinin ya karkata ɗaya ɓarin ya yi girma tukuna a yi yanka. Akwai kuma cire saifa. A mutane ana toshe jijiyar nan, amma galibi kafin a cire ciwon daji ne, ba don warkar da taurin ba.

Mahaucin Bukuru: Ni ba likita ba ne, amma hantar saniya in ta taurare, ko ina ka sa wuƙa haka take. Babu gefen kirki da za ka ware.

Nas Talatu: Malam mahauci ya gama magana. A ɗakin maza na ga masu irin ciwon Kawu, ƙaramin rauni ma jini ya daɗe bai tsaya ba, don hantar ce ke haɗa abin da ke daskarar da shi. Wane likita zai yi gangancin yanka? Ku tambaya ko hepatitis B ne sanadi. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya same shi a kashi 8.1 cikin ɗari na manya. In shi ne akwai maganin tenofovir, kuma kowa a gidan ya je gwaji. A rage masa gishiri, a bar jiƙe-jiƙen nan.

Baban Sadiq, Rikkos: Mu dashe aka yi wa yayana a Indiya, ƙanwarmu ta ba shi ɓarin tata. Bayan 'yan watanni hoto ya nuna tata ta kusa cikowa, don lafiyayya ce. Tasa kuwa gaba ɗaya aka fitar. Kuɗin dai, sai da gona ta tafi.

Ɗan Gangare: Na gode ƙwarai. Anti Talatu, gwajin nan sai mutum bai ci komai ba ake zuwa, ko kowane lokaci?