"Rama cuta ga macuci ibada": wai haka ne?

Mai Shago: Jiya kawunmu ya zaunar da ni da ƙanina kan gonar gado da ƙanin nawa ya sayar ban sani ba. Na ce na yafe. Ina shiga gida matata ta ce rama cuta ga macuci ibada. Ga liman kuma ranar Juma'a yana cewa bai halatta ka ƙaurace wa ɗan'uwanka sama da kwana uku ba. Wallahi zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ɗalibin Zaure: Yaya, wannan zancen gari ne, ba hadisi ba. Aya ta 40 a Suratush Shura ta yarda a rama daidai cutar, amma wanda ya yafe ya gyara, ladansa na wurin Allah.

Uwar Biyu: Malam, macucin da ake nufi shi ne wanda in an ƙyale shi zai cuci na gaba. Ƙani daban ne. Harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Bakatsine: Kun tuna min da kakata, Allah ya ji ƙanta. Kishiyarta ta yi mata ƙagen satar ƴan kunne, har aka sake ta da goyo. Da farin 1973 ya zo, maigidan ya rasu, rumbunsu ba ko ƙwaya. Kakata tana sayar da fura a lokacin. Kullum bayan isha'i sai ta auna gero tiya ɗaya ta ba mahaifina ya ajiye a zauren kishiyar, kada ya yi sallama. Haka har kaka ta yi. Da matar ta gane, ta zo tana kuka. Kakata ta ce ta yafe duniya da lahira. Amma har ta koma ga Allah ba ta sake cin abincin hannunta ba.

Uwar Biyu: To wannan yafiya ce ko rabi?

Bakatsine: Hajiya, yafewa daban, sakin jiki daban.

Ɗan Acaɓa: Mu da ake zuwa neman yafiyarmu duk shekara huɗu da taliya da sabulu fa? Tiya nawa za mu kai musu?

Uwar Biyu: Waɗannan su fara maido da ƴan kunnen tukuna!

Ɗalibin Zaure: Allah ya shirye ku. Yaya, ka nemi kasonka ta hannun kawu, gaisuwa kuma kada ta yanke.

Mai Shago: Gonar har an fara gini a ciki. Bakatsine, mahaifinka shi ma ya yafe mata?