Na'urar jin hayaƙi mai waya uku, a taimaka kafin a yi filasta

Ɗan Yelwa: Salamu alaikum jama'a. Ni ke tsaye kan ginin yayana a nan Garwa, shi yana Amurka, kullum sai ya bugo waya. Ɗaki huɗu ne da falo, an zuba dal, wato rufin kankare, tun kafin damina, bututun waya duk suna ciki. Sai yanzu ya aiko da na'urar jin hayaƙi guda shida, irin wadda in ɗaya ta yi ƙara duk su ɗauka. Kowace da waya uku: baƙa, fara, ja. Mai wutanmu ya ce a bututun akwai ja, shuɗiya da ta ƙasa, don haka ta ukun sai ta hau ta ƙasa. Ran Asabar masu filasta za su shiga. Yaya zan yi?

Tsohon mai wuta, Marwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, juya ta ka karanta bayanta tukuna. Baƙa, fara da ja launin Amurka ne, can ƙarfin wutar gida volt 120 ne, namu 220. In an rubuta 120, kana jonawa ta ƙone. Maganar wayar ƙasa kuwa, kul! Koriya mai ratsin rawaya aikinta tsare rai, ba a ba ta wani aiki. Yadda ake yi: daga tabulo, wato akwatin raba wutar gida, ka kai wuta da shuɗiya, mai kaurin 1.5 mm², zuwa na'urar farko. Daga nan har ta ƙarshe sai ka ƙara waya ɗaya ta haɗi, wadda ba ta komawa tabulo, ba ta taɓa komai sai 'yan'uwanta. Duk shidan su kasance bayan disjonkta ɗaya, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in an samu matsala, gara na fitilu, don in ya faɗi ka gani. Kamfani ɗaya kuma, kada a cakuɗa.

Ɗan Yelwa: Na gode Baba. Amma mai wutan nan shi ya yi wa kawunmu gida, ba a taɓa jin komai ba. Kuma Yaya da tsada ya saye su.

Maman 'yan biyu: Haka dai masu wuta suke, sai an zuba dal su fara cewa ai ba a gaya musu ba. Ko zanen inda bututu ya bi ba sa bari. Ni tambayata turaren wuta. Gidan da ake turare safe da yamma, shida su ɗauki ƙara lokaci guda?

Injiniya daga Injamena: Ku bar fasa gini. Akwai masu batir na shekara 10 da ke haɗuwa da juna ba waya. A duba EN 14604, lambar ƙa'idar Turai ta na'urar jin hayaƙi, a jiki. Ga yawan ɗauke wuta, ga janareta da inbata masu rikita na'ura, me ya kai ka ta waya?

Tsohon mai wuta, Marwa: Injiniya, ta waya ma da batirinta a ciki, wuta ta tafi tana aiki. Kuma dal mai rodi yana rage wa marasa wayar nisa. Ba sai an fasa ba: in bututun bai toshe ba, a ɗaure sababbin wayoyi huɗu a bakin tsoffin a janyo. Hajiya, wurin kafawa shi ne magani. A rufin ɗaki, santimita 30 aƙalla daga bango da fitila, mita ɗaya daga bakin fanka, mita uku daga murhu. A kicin mai jin zafi ake sawa, tana tashi wajen digiri 58. Kaskon turare kuma kada a ajiye shi ƙarƙashin mai jin hayaƙi. Kada a ɗaura kawunan sai an gama filasta da fenti, ƙurar siminti na toshe su. Lokacin hunturu a riƙa zuƙe musu ƙura. Yawancinsu iyakar zafin da suke jurewa wajen digiri 40 ne, ka san Garwa a Afrilu.

Injiniya daga Injamena: Sannan na'urar jin hayaƙi ba ta jin iskar janareta mai kisa, wannan na'urarta daban.

Ɗan Yelwa: To in na sa taransifoma ya mayar 120 fa? Ba zan iya ce wa Yaya kayansa ba su yi ba.

Tsohon mai wuta, Marwa: Har yanzu ba ka faɗa mana abin da aka rubuta a bayan ba.

Ɗan Yelwa: Suna cikin kwali a gidan Inna, sai na je. Amma mai wutan ya ce ya taɓa sa irinsu.