A taimaka da kalma: ƙullutun ƙoda da ake zargin daji ne

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar takardar wayar da kai da za a raba wa majinyatanmu na Idi-Araba da Agege a Legas. Na maƙale a kan abin nan da likitoci ke kira sist, jakar ruwa da ke fitowa a jikin ƙoda. Mai ruwa zalla da sauƙi. Wanda cikinsa ya rarrabu, bangonsa ya yi kauri, har ake zargin daji, shi ya hana ni barci. Me zan kira shi?

Ɗan Agege: Ƙari mana, Hajiya. Ƙarin ƙoda.

Likitan Hoto: A'a. Kana cewa ƙari, an fara kuka ke nan, alhali yawancinsu ba komai ba ne. Ma'aunin da muke bi na Morton Bosniak ne, wani likitan hoto a Amurka, tun 1986. Mataki na 1 ruwa ne zalla da siririn bango, a manta da shi. Na 2 ma lafiya lau. Na 3 kusan rabinsu daji ne, na 4 kuwa kusan tara cikin goma, nan ake maganar tiyata. Tsakanin 2 da 3 aka ƙara 2F daga baya. Shi ba a yanka, sai dai a sake hoto bayan wata 6, a sake a wata 12, sannan duk shekara har shekara 5. Babban abin da muke dubawa a hoton siti, wato hoton cikin jiki na CT, shi ne ko bangon ya sha ruwan allurar da aka yi wa mutum, don hakan na nuna jini na ratsa shi.

Malamin Hausa: Tun kafin Bosniak muna da kalmar. Mai ruwa zalla salka ce. Mai rabe-rabe a ciki zabira ce, dubi ta wanzami, aljihu cikin aljihu. Zabirar ƙoda. Ni dai na gama. Kuma don Allah a daina rubuta "sist" da "siti", kunnena ciwo yake.

Ɗan Agege: Malam, ka tare yaro a Zango ka tambaye shi zabira, ka ji abin da zai ce.

Malamin Hausa: To laifin zabira ne ko na Hausar Legas? Ku da kun maida "oya" sallama.

Ɗan Agege: Allah ya huci zuciyar Malam, amma kakanninmu goro da shanu suka kawo su garin nan, ba su zubar da harshensu a tasha ba. Ku na Kano da ke cewa "kansa" a rediyo fa?

Malamin Hausa: Ni sankara nake cewa, kowa ya sani.

Uwar Biyu: Jama'a, ƙarfe goma ta wuce.

Likitan Hoto: Malam, zabira ta yi kyau a kunne, har na so ta. Tsorona ɗaya. Tsoho ya ji zabira, zai tuna wanzami, gobe sai ka gan shi an kafa masa ƙaho a kwiɓi, ya ce an zuƙe. Mai 2F kuwa ba abin da muke roƙonsa sai ya dawo ranar hoto. Wanda ya ɓace shekara uku shi ke ba mu wahala.

Malamin Hausa: Wannan laifin tsohon ne, ba na kalmar ba.

Ɗan Agege: Ƙullutun ruwa mai ɗakuna fa? Ko kakata za ta gane.

Likitan Hoto: Ba duka ke da ɗakuna ba, wani kaurin bango ne kawai ya sa shi a lissafi. Amma ya fi ƙari, zan iya haƙura da shi.

Uwar Biyu: Na ɗauka. Ƙullutun ruwa ga na 1, mai ɗakuna ga sauran, 2F kuma na rubuta "na sa ido". Daji zan bar shi a takardar, shi majinyata ke faɗa. Malam, a yi haƙuri.

Malamin Hausa: Kalma huɗu a inda ɗaya ta isa. Ba komai. Ɗalibaina dai zabira za su rubuta ranar Litinin.

Uwar Biyu: Likita, "allurar da ke haska hoto" ta yi, ko akwai wata?