BMW M3 E46 da ta haura shekara 20: za ta jure filin tsere jefi-jefi?

Baban Amira:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙarfe. A Ingila nake, kuma ina duba M3 E46 guda biyu, duka masu rufin ƙarfe. Ɗaya ta 2002 ce mai giyar hannu, ta ci mil 96,000. Ɗayar ta 2004 ce mai SMG, wato giyar da kwamfuta ke taka wa kuloci, mil 81,000. Ba gasa zan shiga ba. Niyyata in riƙa fita da ita ƙarshen mako, sannan sau uku ko huɗu a shekara in kai ta filin tsere na Brands Hatch ko Donington ranar da ake buɗe wa masu motocin gida fili. Shin mota mai waɗannan shekaru za ta ɗauki wannan aiki, ta kuma dawo da ni gida da ƙafarta? Me ya kamata a gyara kafin fitar farko? Wacce kuma zan ɗauka a cikin biyun? Na gode.

Injiniya Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam Baban Amira. Za ta jure, amma ba a yadda za ka saye ta ba. Injinta, S54, mai ƙarfi ne: silinda shida a jere, lita 3.2, doki 343, yana juyawa har 8,000 a minti. Kaskon mansa ma yana da bakin zuƙo biyu, shi ya sa da tayoyin titi ba ya cika rasa mai a kwana. Wuraren da ke kashe shi sanannu ne, kuma duk ana iya riga su.

Fara da metal na konrod, wato siririn ɓawon ƙarfe da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf. Tazarar da ke tsakaninsa da karanshaf ƙarama ce, man da ake zuba wa injin kuma mai kauri ne, 10W-60. Duk wanda ya taɓa taka totur inji na sanyi, kafin man ya saki jiki, ya ɗan ci fuskar metal ɗin, kuma ba ka san hannu nawa motar ta bi ba. BMW da kansa ya kira motocin farko-farko aka sauya musu metal, don haka ta 2002 ɗin nan ka nemi shaidar an yi mata. Ko an yi ma, ka tuna aikin ya kai shekara 20. Masu harkar da yawa suna sauyawa tsakanin mil 60,000 zuwa 100,000 ba tare da jiran ƙara ba, domin ranar da ka ji ƙwanƙwasa, karanshaf ya riga ya ji ciwo. Ta ƙasa ake aikin: a rataye inji, a sauke ƙarfen da ke ɗauke da shi, a cire kaskon mai, a sauya ɓari 12. Ka tabbata makanikin ya san cewa kusoshin konrod iri biyu ne. Injinan da aka haɗa kafin Disambar 2002 suna da M11, su ake mayarwa, kowace a ramin da ta fito. Na baya suna da M10 masu miƙewa in an ɗaure, sau ɗaya ake amfani da su. Bayan aikin ka yi mil 1,200 ba ka wuce juyi 5,500 ba, ka yi juye, sannan ka yi maganar fili. Idan kana so ka san halin da ake ciki kafin nan, aika ɗan man da ka juye a gwada. Dalma da jan ƙarfe in sun yi yawa a ciki, metal ne ke zuba.

Sai VANOS, na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul. Tana da famfon kanta mai matsa mai zuwa kusan bar 100, kuma wasu 'yan haƙora biyu ne a kan kamshaf na ɓangaren salansa ke juya shi. Ramukan da haƙoran ke shiga sun ɗan yi musu yawa, sai su yi ta dukan gefe har ɗaya ya karye. In gutsuren ya faɗa cikin sarƙar taimin, inji ya tafi. Maganinsa faifan famfo mai matsattsun ramuka, irin wanda Beisan Systems ke yi. A zaman nan ɗaya a sauya kusoshin da ke riƙe gilan kamshaf, domin suna kwancewa su tsinke, a sa musu gam ɗin ɗaure kusa, a duba robar da sarƙa ke bi ta sama. Tunda an buɗe murfin, a auna tazarar bawul inji na sanyi: 0.18 zuwa 0.23 na milimita a ɓangaren shigar iska, 0.28 zuwa 0.33 a ɓangaren fita. Da 'yan ƙananan faranti ake daidaita ta, ba ta gyara kanta.

Kafin ka biya kuɗi, a gwada matsin kowace silinda. Gaskit ɗin kan S54 yakan ƙone a siririn wurin da ke tsakanin silinda biyu in tafiya ta yi nisa. Alamarsa silinda biyu maƙwabta su nuna ƙasa tare, da ɗan ƙyas-ƙyas in ka taka mota a babbar giya.

Ɓangaren ruwa kuma kada ka tsaya tantancewa. Lagireto mai kunnuwan roba, tankin ruwa, tiyo, famfon ruwa, tamostat, kulocin fanka da bel, in babu takardar da ta nuna an sauya su, a sauya gaba ɗaya. Robar da ta shekara 20 tana shan zafi ba ta ɗiga ta yi maka gargaɗi, fashewa take yi.

Mai Walda:

Injiniya ya gama da inji, Allah ya ƙara basira. Ni abin da zan ce ka fara dubawa tun kafin inji shi ne ƙasan but, inda ƙarfen da ke ɗauke da aksil na baya ya kama jikin mota. Wuri huɗu ya kama, kuma farantin jikin E46 a nan siriri ne. Duk lokacin da ka taka ko ka saki totur, ƙarfen yana murɗawa, yana jan wani kusurwa ƙasa yana tura wani sama. Yawanci tsagewar tana farawa a mazaunin baya na hagu, sai na gaba na dama. Ɗigon waldar kamfani da ke haɗa farantan shi ma yana ɓallewa, har ta cikin mazaunin taya.

Daga ƙasa da tocila ba ka ganin rabin abin. Ka ɗaga mota, ka goge datti a kewayen kowane mazauni, ka nemi siririn layi mai jan tsatsa kamar zare. Ka ɗaga shimfiɗar but ka duba gam ɗin da aka shafe haɗin farantai da shi, ko ya tsage. In mai motar ya ce an yi gyaran, ka ce ya nuna hotunan lokacin aikin. Gyaran kirki sai an sauke aksil na baya gaba ɗaya da tankin mai, a kankare fenti har ƙarfe, a huda ƙarshen kowace tsaga don kada ta ci gaba, a yi walda, a ɗora farantan ƙarfafawa, a gyara ɗigon waldar da ya saki, sannan a shafa maganin tsatsa ciki da waje. Wanda ya manna faranti a kan tsaga bai yi komai ba, ya rufe ta ne kawai.

Tunda aksil na ƙasa, a sauya bushin ɗinsa, da na difaransha, da na dogon hannun da ke riƙe tayar baya. Wannan na ƙarshen in ya mutu, tayar baya tana sauya fuska da kanta, sai ka ji gindin mota na rawa in ka taka birki da gudu. A duba sifirin na baya, suna karyewa a zagayen ƙasa, da mazaunin shokozoba na sama. Motar Ingila kuma gishirin hunturu ya ci ta, ka duba bakin mazaunin tayoyin baya da wuraren sa jak.

Maman Sadiq:

Sannunku da ƙoƙari. Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma abin da ke katse wa sabon shiga rana ba metal ba ne, birki ne. Motar ta kai kusan kilo 1,500, kuma kalifa mai fistin ɗaya gare ta a kan faifai mai faɗin milimita 325 a gaba. A titi ya isa. A fili, zagaye biyar ko shida masu zafi sun ishe shi.

Matsala biyu ce, kuma ba ɗaya suke ba. In feda ta yi laushi tana nitsewa, man birki ne ya tafasa. Man birki yana shan danshi daga iska; mafi ƙarancin ma'aunin DOT 4 shi ne ya tafasa a digiri 230 yana sabo, amma in ya sha ruwa ya sauko 155. A zuƙe tsohon gaba ɗaya a zuba irin su ATE Typ 200, Motul RBF 600 ko Castrol SRF. Lita ɗaya ta isa. A fara daga tayar da ta fi nisa da tukunyar man, a ƙare da ta kusa. In kuwa feda na da tauri amma mota ba ta tsayawa, takalmin birkin ne ya wuce zafin da zai iya. Ferodo DS2500 yana yin titi da fili. Pagid RS29 ya fi jure zafi amma yana kuka a gari. Kada ka shiga da takalmin da bai kai rabi ba, domin siriri ya fi saurin kai zafi ga fistin. Faifan gaba milimita 28 ne yana sabo, in ya sauko 26.4 ya gama. In mai huji ne, 'yan ƙananan tsaga a bakin huji ba komai, amma da zarar tsaga ta haɗa huji biyu ko ta kai baki, a cire shi. Tiyon birki na roba ma a sauya da masu saƙar ƙarfe.

Taya: duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta, mako ne da shekara. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar da ta haura shekara shida ta bushe ko da zanenta na nan. Iska tana hawa da kusan bar 0.3 zuwa 0.5 in taya ta yi zafi, don haka ka auna da zarar ka fito, ka rage zuwa wajen 2.3 ko 2.4 tana da zafi, kuma ka tuna ka ƙara kafin ka kama hanyar gida. Kusoshin taya a ɗaure su da ƙarfin 120 Nm, a duba su in sun huce. Kafaɗar waje ta tayoyin gaba ce ke fara cinyewa, saboda motar ba ta da isasshen kwanciyar taya daga kamfani. Ina roƙonka kada ka sa tayoyin tsere masu danƙo a shekarar farko. Suna ƙara wa birki, boris da wancan farantin da Mai Walda ya ambata nauyi, kuma suna ɓoye wa direba kurakuransa.

A ranar kanta: minti 15 zuwa 20 ka fito. Zagayen farko a hankali har fitilun da ke kewaye da gejin juyin inji su mutu, mai kuma ya kai digiri 80. In gejin zafin mai ya doshi 130, ka sassauta. Zagayen ƙarshe ka yi shi kusan ba birki don iska ta huce faifai. In ka tsaya, kada ka ja birkin hannu, kada kuma ka bar ƙafa a kan feda. Sa giya, ka buɗe bonet. Takalmin da aka danne a kan faifai mai zafi yana barin tabo, shi ne karkarwar da mutane ke cewa faifai ya lanƙwashe. Ka zo da litar 10W-60 ko biyu, ka duba sanda bayan kowane fita.

Injiniya Ɗan Fagge:

Maganar Maman Sadiq kan ranar fili ta tuna mini da Brands Hatch. Gajeren zagayen Indy mil 1.2 ne, kuma yawancin kwanoninsa na dama ne, musamman doguwar nan daga Clearways zuwa Clark Curve. Tankin E46 lita 63 ne mai ɓari biyu, famfon yana ɓarin dama. A doguwar kwanar dama fetur yana kwarara hagu, in tanki ya yi ƙasa sai inji ya yi shaƙuwa daidai lokacin da kake fita kwana. Kada ka bari ya sauka ƙasa da rabi, kuma ka sha fetur mai lamba 98 ko 99.

Batun giya, ni ta hannu zan ɗauka. Giyabos ɗin ɗaya ne a duka biyun, Getrag mai giya shida. SMG famfo ne da kwamfuta ke taka kuloci a madadinka. Famfon nan in ya tsufa ba ya son zafi, sai ya kunna fitila ya jefa ka furi a tsakiyar fili.

Maman Sadiq:

A nan kam ban bi ka duka ba, Injiniya. SMG ba ya yarda ya sauka giyar da za ta wuce da inji iyaka. Mai giyar hannu kuwa, in ya nufi ta huɗu daga ta biyar hannu ya zame ya shiga ta biyu, bawul sun haɗu da fistin nan take, kuma wannan kuskuren sababbi ne ke yinsa, musamman in robobin da ke riƙe giyabos sun saki. SMG ɗin da aka sauya wa rile, aka duba famfo da tukunyar matsi, aka zuba masa sabon man CHF 11S, yana yin ranarsa lafiya. Baban Amira, ka zaɓi wadda ƙasan but ɗinta ya fi lafiya kuma takardunta suka fi cika, giya ta biyo baya.

Abu biyu da ba na ƙarfe ba. Inshorar titi ba ta biyan abin da ya faru a fili, sai ka sayi ta ranar daban. Sannan a yawancin filaye ana auna ƙarar salansa kafin a bar ka ka shiga, rabin mita daga bakinta, iyakar kuma takan kama daga desibel 98 zuwa 105 gwargwadon fili da rana. In an sauya wa motar salansa, ka auna tun a gida. Hular kwano dole ce, ka kuma ɗaura ƙugiyar ja a gaba kafin ka shiga.

Baban Amira:

Allah ya saka da alheri, na fahimta. Mai ta 2004 ya ce yana da hotunan waldar ƙasan but, amma ba a taɓa metal ba. Mai ta 2002 yana da takardar metal da VANOS, amma bai san komai game da but ba. Zan sa a ɗaga ta 2002 a duba mazaunan nan huɗu, a gwada matsin silinda a duka biyun. Mai Walda, in aka samu tsaga ƙarama a mazauni ɗaya kawai, a ci gaba da ciniki ko a haƙura?

Mai Walda:

A ci gaba, amma a cire kuɗin cikakken aikin daga farashi, domin in an sauke aksil kusan kullum ana samun fiye da abin da aka gani daga waje. Wadda za ka bari ita ce wadda mazaunin ya riga ya zazzago, ko tsagar ta haɗu da tsatsa mai cin ƙarfe, don wannan sai an sauya farantin gaba ɗaya. Kuma ko ƙarama ce, kada motar ta taka fili sai an yi waldar.