Sensa da tiransdusa: majiyi da majuyi

1/ Jama'a, ku taya ni mu tsayar da kalmar Hausa ga abin da injiniyoyi ke kira "sensor". Makanikai sun daɗe suna cewa sensa, kuma ba ni da ja da su. Sai dai wanda bai taɓa ganin abin ba, sunan ba ya gaya masa komai.

2/ Hausa na da nata tsarin raɗa wa kayan aiki suna: buɗe, mabuɗi, auna, ma'auni. Na gwada da gani, sai ga ni riƙe da "magani". Dariya na yi, na wuce.

3/ Ma'auni ma bai zauna ba. Shi ne dukan na'urar, har da allon da ke nuna lamba. Sensa kuwa ɗan guntun nan ne da ke manne a jikin bututu ko inji, shi ke fara haɗuwa da abin da ake aunawa.

4/ Ni dai majiyi na zaɓa. Ku duba faɗin kalmar ji: ana jin zafi, jin sanyi, jin nauyi, jin wari, jin ƙara, jin motsi. Ɗauki tamokoful: wayoyi biyu ne na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu. Idan mahaɗar ta fi ɗaya ƙarshen zafi, sai ɗan lantarki ya samu, abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821. Nau'in tamokoful da ake kira K na ba da kusan kashi 41 cikin miliyan na bolt ɗaya a kowane digiri. Ya ji zafi, ya faɗa, amma da raɗa. Shi ya sa ake sa masa amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa saƙon ƙarfi, a tace hayaniya, galibi a mayar da saƙon tsakanin miliyamf 4 zuwa 20 (miliyamf awon lantarkin da ke bin waya ne). Daga 4 ake farawa don in an ga sifili a san waya ce ta tsinke.

5/ Tiransdusa kuma majuyi, mai juya wani nau'in makamashi zuwa wani. Lasifika majuyi ce, tana juya lantarki ya zama sauti, amma ba ta jin komai. Makirfo kuwa duka biyun ne.

6/ Jam'i ya bi mabuɗai: majiyai, majuyai. Kada a ce majiya, 'yan jarida sun riga mu kama ta.

7/ Abu biyu ke mini ƙaiƙayi. Ba ma cewa jin haske, don haka "majiyin haske" na ɗan yi wa kunne nauyi, ko da yake ina ganin za a saba. Na biyun ya fi: wasali ɗaya ne tak ya raba majiyi da majuyi, kuma cikin rugugin injina wa zai bambance? Malamai masana harshe, in kuna da wadda ta fi majuyi, ku kawo. Majiyi dai na riƙe.