Taƙaitawa: Haɗa Layukan Saba Zuwa Suwic Biyu

An tattauna yadda za a haɗa saba (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) da suwic biyu (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a cibiyar sadarwa), don kada ta yanke idan ɗaya ya mutu. Maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda: kebul biyu a suwic ɗaya ba cikakkiyar kariya ba ce. Suwic ɗin ya mutu, saba ta tafi.

2. LACP, wato 802.3ad, tsarin da ke ɗaure layuka da yawa su yi aiki tamkar ɗaya, ba ya aiki tsakanin suwic biyu masu zaman kansu. Sai an haɗa su sun zama tamkar ɗaya: a jera su tsari guda (stacking), ko MLAG, inda kowane suwic ke da ƙwaƙwalwarsa amma saba na ganin su kamar ɗaya, ko vPC, irinsa a suwic ɗin Cisco Nexus. Masu ƙaramin ƙarfi an ba su shawarar active-backup, yanayi na 1 na haɗa layuka a Linux. Kebul ɗaya na aiki, ɗaya na jira, ba ruwan suwic.

3. An sha jan kunne cewa layi biyu masu gigabit 10 ba sa ba haɗi guda gigabit 20. Kowane haɗi layi ɗaya yake bi.

4. Nan aka rabu. Wasu sun fi son jerawa don sauƙi. Wasu suka ce suwic ɗin da aka jera ƙwaƙwalwarsu ɗaya ce, sabunta manhaja na iya kashe su tare, MLAG kuwa ɗaya bayan ɗaya ake yi. Ni dai ga MLAG na karkata.

5. Kafin a fara aiki, a zare kebul, a kashe suwic, a gani da ido.